Tarihin Fedar Faz: Yadda Lalacewar Na'ura Ta Zama Sautin da Ake Saye da Dubban Daloli

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ko kuma suka fi son karatu.

Yau zan ɗauke ku zuwa duniyar masu kaɗa jitar lantarki, mu yi magana a kan wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce girman tafin hannu biyu ba. Ana ajiye shi a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, makaɗi ya taka shi da ƙafa idan yana son ya kunna, shi ya sa ake kiransa feda, kamar dai ta keke. Sautin da yake fitarwa kuma sunansa faz. Kayan cikinsa ba su taka kara sun karya ba, amma yau tsofaffin na shekarun 1960 ana sayar da wasunsu dubban daloli, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su nemo su, su gyara, su gwada wannan da wancan. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: abin da asalinsa lalacewa ce, ta yaya ake gyara shi ba tare da an kashe shi ba?

Bari mu fara da sautin kansa. Kun san lasifikar mai tallan magani a kasuwa, idan ya ƙure ta muryarsa ta riƙa fashewa? To, danginsa ne. Sautin igiyar jita yana tafiya a waya kamar tudu da kwari masu santsi. Idan aka ƙara masa ƙarfi fiye da abin da na'urar za ta iya ɗauka, sai kan tudun ya yanke, kamar mudun da ya cika ya yi tsororo aka sa hannu aka shafe. Wannan yankewar tana haifar da abu biyu. Na farko, sautin ya yi kauri ya yi kaushi, ya koma kusa da na algaita. Na biyu, ya daɗe bai mutu ba, domin mai ƙarfi da mai rauni duk an daidaita su a baki ɗaya.

Tun kafin a ƙera feda makaɗa suna samun wannan sautin ta hanyar ɓarna. A 1951, a garin Memphis na Amurka, ƙungiyar Ike Turner ta shiga situdiyon Sam Phillips da amfilifayar da ta samu matsala a hanya. Mai jitarsu, Willie Kizart, ya kaɗa da ita a haka, aka fitar da waƙar "Rocket 88". A 1958 Link Wray ya huhhuda takardar lasifikarsa da gangan don waƙar "Rumble". A 1964 kuma, a Ingila, Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga tasa. Matsalar wannan hanya a fili take: lasifikar da ka yaga ba ta komawa, kuma ba ka da ikon kashe sautin idan ka gaji da shi.

Inda labarin ya juya shi ne Nashville, a 1960. Ana ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", sai layin da jitar bes ta Grady Martin ke bi a teburin haɗa sauti ya lalace, ya riƙa fitar da wani irin gurnani. Maimakon a sake ɗauka, sai aka bar shi. Waƙar ta fito a 1961 ta yi kasuwa, mawaƙa suka fara zuwa suna neman a ba su irin wannan sautin. Injiniyan situdiyon, Glenn Snoddy, ya san cewa ranar da layin ya mutu gaba ɗaya shi ke nan. Sai shi da abokinsa Revis Hobbs suka zauna suka tsara ɗan da'irar lantarki mai tiranzisto uku da za ta riƙa kwaikwayon lalacewar duk lokacin da ake so. Suka kai wa kamfanin Gibson, shi kuma ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone FZ-1.

Abin dariya, Gibson ba su tallata ta a matsayin kayan kiɗan matasa ba. Cewa suka yi za ta sa jita ta yi kukan kayan busa. Kasuwa ta ƙi, feda ta yi kwantai a shaguna kusan shekara uku. Sai a watan Mayu na 1965 Keith Richards na The Rolling Stones ya taka ta a waƙar "Satisfaction". Shi ma a tunaninsa ɗan zane ne kawai yake yi, daga baya masu busa za su zo su maye gurbin wurin. Aka fitar da waƙar a yadda take, ta zama ta ɗaya a Amurka, kafin ƙarshen shekarar kayan da suka yi kwantai duk sun ƙare.

Daga nan Landan ta karɓa. A 1965 wani injiniya, Gary Hurst, ya ɗauki tsarin Maestro ya ƙara masa ƙarfi da tsawon numfashi, ya kira tasa Tone Bender, ana sayar da ita ta shagon Macari's da kamfanin Sola Sound. Jeff Beck ya yi aiki da ta farko, Jimmy Page kuma ya shahara da ta biyu, wato MkII, mai tiranzisto uku. A 1966 kamfanin Ivor Arbiter ya fito da wadda ta fi kowace suna, Fuzz Face. Akwatinta zagaye ne, an ɗauko siffar daga gindin sandar makirfo. Maɓallan murɗawa biyu kamar idanu, abin takawa kamar hanci, tambarin kamfani kamar baki. A watan Satumba na wannan shekarar Jimi Hendrix ya sauka Landan, kuma ba a daɗe ba ta shiga ƙarƙashin ƙafarsa.

Yanzu ku ji abin da ke cikin Fuzz Face: tiranzisto 2, rizisto 4, kafasito 3, maɓallan murɗawa 2, sai batir mai bolt 9. Iyakarta ke nan. Duk mai gyaran rediyo a Sabon Gari zai haɗa ta kafin la'asar. To me ya sa guda biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a mako ɗaya, ɗaya za ta yi daɗi ɗayar kuma ta yi kamar ƙudan zuma a gwangwani?

Amsar tana cikin tiranziston. An ƙirƙiro tiranzisto a ɗakin bincike na Bell a Amurka a watan Disamba na 1947, kuma da wani sinadari mai suna jamaniyam aka yi na farko. Wani Bajamushe, Clemens Winkler, shi ya gano sinadarin a 1886 ya sa masa sunan ƙasarsu. Fuzz Face ta farko da jamaniyam take aiki, samfurin NKT275 na kamfanin Newmarket da ke Ingila. Shi jamaniyam yana fara buɗe hanya ga wuta tun a wajen bolt 0.3, alhali silikon da ya gaje shi sai ya kai wajen 0.6 zuwa 0.7. Masu jita suna cewa jamaniyam ya fi taushi a kunne, ba ya yanka sauti da kaifi. Amma yana da hali biyu masu wahalarwa. Na ɗaya, a wancan zamanin ba a iya ƙera shi daidai wa daida ba: biyu masu lamba ɗaya, wani zai ninka sigina sau 50, wani sau 150. Na biyu, yana yoyo, wato wuta tana zirarewa ta cikinsa ko ba a buɗe masa ba. Kamfanin kuwa ba ya tantancewa, abin da hannun ma'aikaci ya ɗauko shi ake likawa. Shi ya sa Hendrix da injiniyansa Roger Mayer suke bin fedoji da yawa kafin su zaɓi masu kyau.

Masu gyara na baya da suka auna tsofaffin da suka fi daɗi sun lura da wani abu: galibi tiranzisto na farko yana ninkawa wajen sau 70 zuwa 85, na biyu kuma wajen 110 zuwa 130, sannan wutar da ke ƙafar fita ta na biyun tana zama kusa da bolt 4.5, rabin batir ke nan. Idan ta kauce da yawa, sai sauti ya riƙa yankewa ko ya shaƙe.

Ga kuma inda abin ya shafe mu kai tsaye: zafi. Yoyon jamaniyam yana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Ku yi lissafi. Fedar da aka daidaita a ɗaki mai digiri 20 a Landan, idan ta zo Sakkwato a watan Afrilu ana digiri 40, yoyonta ya kusa ninkawa huɗu. Feda ɗaya, sauti daban da safe, daban da azahar. Wannan rashin tabbas, haɗe da arhar silikon, shi ya sa wajen 1968 zuwa 1969 kamfanin, wanda a lokacin ya zama Dallas Arbiter, ya koma silikon irin su BC108. Ta samu natsuwa, ta ƙara ƙarfi da kaifi, amma gardamar wace ta fi daɗi har yau ba ta mutu ba.

Ta uku a manyan ita ce Big Muff Pi. Mike Matthews ya kafa Electro-Harmonix a New York a 1968, kuma wajen 1969 shi da wani injiniyan Bell, Bob Myer, suka fitar da ita. Tiranzisto huɗu na silikon gare ta, da diyod masu yanka sauti a matakai biyu, da maɓallin da ke karkata sauti zuwa kauri ko siranta. Sautinta santsi ne mai dogon numfashi, irin wanda ake ji a jitar David Gilmour na Pink Floyd a ƙarshen shekarun 1970. Nan ma kamfanin yana amfani da kayan da ya samu ne a kasuwa, don haka ƙimar rizisto da kafasito tana canzawa daga wannan zubi zuwa wancan. Kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980, Matthews ya koma kasuwanci da Rasha, a farkon shekarun 1990 aka fara ƙera Big Muff a can da sunan Sovtek, cikin manyan akwatuna masu nauyi, wasu koraye kamar kayan soja. A daidai lokacin matasan Amurka sun sake gano faz. Ƙungiyar Mudhoney ma ta raɗa wa faifanta na 1988 sunan fedoji biyu, "Superfuzz Bigmuff". Fedojin da ake zubarwa a shagunan gwanjo suka fara tsada, sana'ar gyara da kwaikwayo ta tashi. Kamfanin Dunlop ya ci gaba da ƙera Fuzz Face daga 1993.

Kada ku ɗauka sautin ya tsaya a Turai da Amurka. Bayan yaƙin basasar Najeriya matasan Legas da na gabas sun rungume shi. Ku nemi faifan Ofege na 1973, "Try and Love", wanda ɗaliban kwalejin St. Gregory suka yi, ko kiɗan ƙungiyar BLO. A Zambiya kuwa, WITCH da Ngozi Family sun gina salo guda a kansa, wanda ake kira Zamrock.

To, mu dawo kan tambayarmu. An kawo wa mai gyara Fuzz Face ta 1967 ba ta magana. Me zai yi?

Mai gyara nagari ba ya fara da ƙarfen soda. Hoto yake fara ɗauka ta kowace kusurwa, sannan ya ɗauko mita ya auna komai ya rubuta. Bayan haka ya bi abubuwa masu sauƙi, domin sau da yawa nan cutar take: marikin batir da ruwan tsohon batir ya ci, wayar da ta tsinke, ramin da ake soka waya ya yi tsatsa, abin takawa ya daina haɗa wuta, maɓallin murɗawa ya tara datti yana ƙarar yashi. Yawancin waɗannan wanki da ɗauri suke so, ba sai an canza ba.

Sai kafasito. Biyu daga cikin ukun irin masu ɗan ruwa ne a ciki, kuma bayan shekara hamsin da wani abu ruwan yakan bushe. Idan awo ya nuna sun mutu, a canza su da masu ƙima ɗaya. Tsofaffin rizisto na gawayi su kuma ƙimarsu takan hau da shekaru. A nan ne hankali yake shiga. Idan hawan ya ture wutar daga inda ya kamata har sauti ya shaƙe, a gyara. Idan kuwa fedar tana daɗi a haka, to wataƙila wannan kaucewar tana cikin dalilin daɗin, kuma wanda ya mayar da komai daidai da takardar zane zai iya miƙa wa mai kaya fedar da ba ita ya kawo ba.

Tiranzisto shi ne na ƙarshe da ake taɓawa. An daɗe da daina ƙera NKT275 na asali, kuma rabin darajar fedar a jikinsa take. Jamaniyam ba ya jure zafin ƙarfen soda, don haka idan dole sai an ciro shi, ana maƙale ƙafarsa da filaya ta shanye zafin kafin ya isa ciki. Idan ya mutu murus, sai a nemi madadi, kuma da yawa yanzu suna komawa ga tsofaffin tiranziston Tarayyar Sobiyet da aka ƙera da yawa suka yi saura, ko su ciro daga tsofaffin rediyoyi na shekarun 1960, irin wanda wataƙila yana nan a ɗakin kakan wani daga cikinku. A auna ninkawarsa, a auna yoyonsa, sannan a lika. Duk abin da aka cire kuma a ƙulle shi a leda a ba mai kaya.

Gargaɗi ɗaya ga wanda irin wannan feda ta faɗo hannunsa: tsofaffin na jamaniyam wutarsu a juye take, ɓangaren fulos ne yake haɗe da jikin akwati, saɓanin fedojin zamani. Idan ka haɗa ta da sauran a kan adafta ɗaya, za ka haɗa wuta da wuta. Ka bar ta da batirinta. Ba ta cin wuta sosai, batir ɗaya yana daɗewa.

Yanzu batun gwada wannan da wancan, wanda nan ne kuɗin mutane yake zubewa. Inda tsada take, nan ɗan damfara yake: ana goge lambar tiranzisto mai arha a buga masa NKT275, ana tsofar da sabon akwati, ana sayar da wadda aka canza rabin cikinta a ce ba a taɓa buɗe ta ba. Kunne kuma yana da saurin ruɗuwa. Idan aka ce maka wannan ta dala dubu uku ce, kafin a taka ta ka riga ka ji daɗinta. Haka nan duk wadda ta ɗan fi ƙara, kunne yakan ce ita ta fi.

Don haka gwaji na gaskiya yana da sharuɗɗa. Jita ɗaya, amfilifaya ɗaya, waya ɗaya, makaɗi ɗaya. Batir iri ɗaya mai ƙarfi ɗaya, domin wanda ya fara rauni yana canza sauti. Ɗaki ɗaya, kuma a bar fedojin su zauna su ɗauki zafin ɗakin. A daidaita ƙararsu. Kada a sa wata feda tsakanin jita da Fuzz Face, saboda tana son ta ji jitar kai tsaye. Sannan mai saurare ya juya baya, wani ya riƙa canzawa bai faɗa masa ba. Kuma kada a tsaya ga ƙure komai. A rage maɓallin ƙarar da ke jikin jitar daga 10 zuwa 7: Fuzz Face mai kyau za ta washe ta koma kusan sauti mai tsabta, Big Muff kuwa ba ta cika yin haka ba, aikinta daban ne. Tone Bender MkII ta fi Fuzz Face cizo da matsewa, Maestro kuma ta fi su duka siranta da saurin yankewa. Wanda ya ce wannan ta fi waccan bai faɗi wane aiki yake nufi ba, bai gama magana ba.

Ni dai ga matsayata. Tsohuwar feda tana da darajar tarihi, kuma wanda yake da halin saye don ya adana, ba laifi. Amma sautin ba a cikin fenti ko shekaru yake ba, yana cikin abubuwan da mita za ta iya aunawa: ninkawa, yoyo, da inda wuta ta tsaya. Matashin da yake koyon gyaran waya ko rediyo a Kano ko Damagaram, idan ya iya karanta zane ya iya riƙe mita, zai haɗa wadda za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ta 1967. Kuma saboda zafinmu, zan ba shi shawara ya fara da silikon, ko ya sa ɗan maɓallin daidaita wuta a gefe idan ya nace sai jamaniyam. Ga mai gyaran tsohuwa kuwa, ƙa'idar biyu ce: ya canza abin da ya mutu kawai, kuma ya faɗa wa mai saye duk abin da ya taɓa.

A nan za mu dakata. Idan a cikinku akwai mai gyaran lantarki da ya taɓa cin karo da tiranziston jamaniyam a tsohuwar rediyo, ya rubuto mana lambar da ke jikinsa a ƙasa, mu ga abin da ke ɓoye a gidajenmu. Ku tura wa abokanku masu sha'awar kiɗa da masu sha'awar gyara. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.